Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar Fitila da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar fitila tana cikin kalmomin da kowa ke faɗa kullum ba tare da ya tsaya ya dube su ba. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu fassara da masu sayayyar kayan gida suka fi yi a kanta, tare da amsoshinsu.

Mece ce fitila?

Fitila ita ce duk wani abin da ɗan Adam ya ƙera don ya ba da haske, wanda ake iya kunnawa a kashe a lokacin da aka ga dama. Sharuɗɗan biyu ne: hannu ne ya yi ta, kuma haske ne aikinta. Shi ya sa rana da farin wata ba fitilu ba ne sai a bakin mawaƙi, murhu ma ba fitila ba ne ko da wutarsa ta haska tsakar gida, domin ba don haske aka hura shi ba. Abin da take ci ba ya sauya mata suna. Mai cin man gyaɗa fitila ce, mai cin kananzir fitila ce, mai batir da mai caji da mai aiki da hasken rana duk fitilu ne.

Daga ina kalmar ta samo asali? Tana da alaƙa da "fita"?

Ba ta da alaƙa da fita ko fitowa, kamannin sauti ne kawai. Aro ce daga Larabci, daga kalmar fatila, kuma abin sha'awar shi ne a wajen Larabawa ba ta nufin fitilar gaba ɗayanta. Lagwani take nufi, wato zaren nan da ake tsomawa a mai a kunna bakinsa. Tushen kalmar a Larabci yana ɗauke da ma'anar murɗa zare ko tufka igiya, kuma haka ake yin lagwani tun asali: a sami auduga ko tsumma a murza a tafin hannu har ya zama siriri.

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya san 'yar'uwar kalmar ko da bai lura ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 49 da ta 77, da kuma Suratul Isra'i aya ta 71, an ce ba za a zalunci kowa ba ko da gwargwadon fatila, kuma malaman tafsiri suna fassara ta da siririn zaren da ke cikin tsagin ƙwallon dabino. Tushe ɗaya ne: zare siriri. Ita kuwa fitila kanta, Alƙur'ani yana kiranta da wasu sunaye, misbahu a aya ta 35 ta Suratun Nur, da siraji a wurare kamar aya ta 46 ta Suratul Ahzab.

Abin da Bahaushe ya yi shi ne ya ɗauki sunan ɓangare ya raɗa wa abin dukansa, shi kuma ɓangaren ya kira shi lagwani. Ba Hausa kaɗai ta ari kalmar ba, Yarbawa ma suna cewa fitila.

To, in lagwani ne asalin sunan, me ya sa ake kiran ta lantarki fitila alhali ba ta da lagwani?

Saboda masu magana ba sa bin asalin kalma, aikin abu suke bi. Tun kafin wayar lantarki ta shiga gidaje kalmar ta riga ta tashi daga kan zare ta koma kan abin da ke haska ɗaki. Da sabon abu ya zo yana yin wannan aikin, sai ya gaji sunan. Haka alƙalami ya yi: na kara ne da ake fiƙewa a tsoma a tawada, amma yau biro ma ana ce masa alƙalami babu mai musu.

Akwai masu ganin ya kamata a ƙirƙiro wa kowace sabuwar na'ura sabon suna. A nan dai ban ga buƙatar hakan ba. Kalmar ta ɗauki fitilar mota, fitilun kan titi, fitilar waya, fitilar ɗakin tiyata, kuma ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba. In ana son bambancewa sai a ƙara mata bayani a gaba: fitilar ƙwai, fitila mai caji, fitilar sola, fitilar tebur.

Mene ne bambancin fitila, wuta da haske? Na ji ana musanya su.

A nan ne masu fassara suka fi tuntuɓe. Fitila ita ce abin da ake taɓawa da hannu, a saya, a rataye, a goge. Wuta ita ce ƙarfin da ke sa ta aiki, ko harshen da ke ci a kan lagwani ko lantarkin da ke bin waya. Haske kuwa shi ne abin da ido ke amfana da shi.

Gwada su a cikin magana za ka ga kowacce da gurbinta. Ana cewa an ɗauke wuta, an kawo wuta, wuta ba ta da ƙarfi, an yanke masa wuta, kuɗin wuta. Ba a cewa an ɗauke fitila sai in wani ne ya sa hannu ya ɗauke ta daga inda take. Ana cewa fitilar nan ba ta da haske, amma ba a cewa hasken nan ba shi da fitila. In uwa ta ce wa ɗanta, "Kai, matsa ka tare mini haske," ba fitilar ya riƙe ba, tsayawa ya yi tsakaninta da abin da take dubawa.

Wurin da suke haɗuwa shi ne kunnawa da kashewa. "Kashe wutar ɗakin" da "kashe fitilar ɗakin" duk daidai ne, kuma a gidan da ke da lantarki na farkon ma ya fi yawa a baki. Sai dai akwai ɗan tarko: in ka ce wa mai gyaran lantarki ya kashe wuta, zai iya zuwa ya sauke ta gidan gaba ɗaya, firji da fanka da komai. In fitila ɗaya kake nufi, kira ta da sunanta. Abin da ba ya shiga kunne shi ne "kunna haske", wanda ake yawan gani a rubutun da aka juyo daga Turanci kalma da kalma. Ana fahimta, amma ba haka ake faɗa a gida ba.

Mace ce ko namiji? Mene ne jam'inta?

Mace ce. Fitila ce, wata fitila, fitilar nan, fitilata, fitilarka, ta mutu, tana ci. Jam'in fitilu: fitilun gida, fitilu ne. A daidaitacciyar Hausa da "l" ɗaya ake rubuta ta, ko da yake za ka ga masu rubuta fitilla. A karin harshen yamma, inda ake cewa hita a maimakon fita, za ka ji hitila, kuma wannan ba kuskure ba ne, kari ne.

Fitilar ƙwai da ƙwan fitila abu ɗaya ne?

A'a, kuma juya kalmomin biyu yana juya ma'ana. Fitilar ƙwai ita ce ta kananzir mai tanki a ƙasa, da marataya ta waya a sama, da gilashi mai kumburin ciki da ya kewaye harshen wutar. Wannan gilashin shi ne ƙwai, saboda siffarsa da kuma saurin fashewarsa. Ƙwan fitila kuwa yana iya zama wannan gilashin, yana kuma iya zama na lantarki da ake ɗaurawa a rufi, wanda ake kira ƙwan lantarki ko gulob. Mahallin magana ne ke rarrabewa: in an ce ƙwan ya yi baƙi a wanke shi, na kananzir ne, in an ce ƙwan ya mutu a sayo wani, na lantarki ne.

Ka lura ƙwai namiji ne, don haka fitila ta mutu amma ƙwai ya mutu. Sunan ya bi har waɗanda ba su da siffar ƙwai ko kaɗan. Dogon nan mai kama da sanda ana ce masa dogon ƙwai, mai murɗaɗɗen gilashi ma ƙwai ne.

Ita kuma aci-bal-bal fa?

Ita ce fitila mafi sauƙin ƙira: ƙaramin gwangwani, da ɗan bututu a murfinsa inda lagwani ke leƙowa, babu gilashi babu komai. Sunan ya fito daga yadda take ci, harshen wutar yana rawa bal-bal da kowace iska. Haskenta kaɗan ne, hayaƙinta da yawa, wanda ya kwana kusa da ita yakan tashi da baƙi a hanci. Kakarta ita ce ta kasko ko ta ƙarfe da ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗanya a jingina lagwanin auduga a baki. Irin wannan fitila ta daɗe a duniya ƙwarai: a kogon Lasko da ke Faransa an sami fitilar dutse mai cin kitse wadda ta kai kimanin shekara 17,000.

Tocila da kyandir suna cikin fitilu?

Tocila tana ciki. Sunanta aro ne daga Turanci, wasu na cewa tocilan wasu cocila, kuma in ka ce wa yaro ya miƙo fitila ya kawo tocila bai yi laifi ba. Ta waya ma haka, kunna fitilar wayarka da kunna tocilar wayarka duk ana faɗa.

Kyandir ne ke tsaye a bakin ƙofa. Yana da lagwani, don haske aka yi shi, amma da wuya ka ji an kira shi fitila. Ina ganin dalilin shi ne kyandir cinye kansa yake yi, alhali fitila aba ce mai zama wadda ake ƙara wa mai ko caji a ci gaba da amfani da ita. Ashana kuwa, wadda sunanta ya zo mana daga Yarbanci, ba ta cikin lissafi, makunni ce kawai.

Waɗanne kalmomin aiki ne ke tafiya da fitila?

Kunnawa da kashewa su ne na kowa. Hurewa ta mai harshen wuta ce kaɗai, ana hure aci-bal-bal da kyandir, ba a hure ƙwan lantarki. A kula da hura da hure: hura wuta tayar da ita ne, hure fitila kashe ta ne, wasali ɗaya ya raba su. Fitila tana ci in tana kunne, tana mutuwa in ta daina da kanta, ko mai ya ƙare, ko iska ta buge ta, ko caji ya sauka. Ana rage ta in za a kwanta, ana ƙara ta in za a yi karatu. Ana haska wa mutum hanya, wannan kirki ne. Ana dalle shi da tocila a fuska, wannan kuwa rashin ladabi ne, musamman ga babba, kuma kalmar kanta tana ɗauke da zafin abin.

Me ya sa fitilar ƙwai take hayaƙi tana baƙanta gilashi?

Lagwani yana tsotso kananzir daga tanki zuwa sama, zafi ya mayar da shi tururi, tururin ne ke ci in ya haɗu da iska. Ƙarafan nan biyu da ke gefe da gefe ba ado ba ne kuma ba mariƙi ba ne kawai, bututu ne da ke kai iska zuwa gindin wutar. In aka murɗo lagwani sama da yawa, man da ke tashi ya fi iskar da ke shigowa, sai ragowar da bai ƙone ba ya fita a matsayin baƙin hayaƙi. Mutane da yawa suna ɗaga lagwani don neman ƙarin haske, sai su sami akasin haka, domin cikin minti kaɗan gilashin ya dushe.

Maganin shi ne a sauke lagwanin har harshen ya tsaya cak ba ya tsiri, a datse bakinsa da almakashi ya daidaita in ya yi gawayi, a share ƙananan ramukan iska da ke ƙarƙashin ƙwan. Gilashi kuma a bari ya huce kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba ya tsage nan take. In an yi duk wannan hayaƙin bai daina ba, a tuhumi man.

Wa ya ƙirƙiro fitila?

Ta mai ba ta da mai ita, ta girmi rubutu. Ta kananzir kuwa ta ƙarni na 19 ce. Abraham Gesner na Kanada ne ya fitar da kananzir daga kwal a 1846, sannan Ignacy Lukasiewicz, wani mai haɗa magunguna ɗan Foland, ya ƙera fitilar kananzir a 1853. Ƙwan lantarki an fi jingina shi ga Thomas Edison na Amurka, wanda nasa ya yi aiki a 1879, amma Joseph Swan na Ingila ya yi irinsa a daidai wannan lokaci, har daga baya suka haɗa kamfani a Ingila. Wasu da dama sun gwada kafin su. Lantarki ya iso Legas a 1896.

Fitilar LED, wato mai ƙananan ƙwayoyin haske da ta mamaye gidaje yanzu, ta fara da ja, wadda Nick Holonyak ya yi a 1962. An daɗe ana neman shuɗiya, domin sai da ita ake samun farin haske, har masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cim mata a farkon shekarun 1990. An ba su kyautar Nobel a 2014.

In zan sayi ƙwai, wat zan duba ko me?

Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin wutar da ƙwan ke ci ne. Mun saba haɗa su ne tun zamanin ƙwai mai zare a ciki, lokacin da duk ƙwayaye iri ɗaya ne, mai wat 100 ya fi mai 60 haske ko yaushe. Wancan ƙwan yana ɓarnatar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa a zafi, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya jima a kunne. Ma'aunin haske shi ne lumen, kuma ana rubuta shi a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen 800 ko kusa da haka, LED kuwa yana ba da wannan da wat 8 zuwa 10. Saboda haka in mai kanti ya ce maka, "Alhaji, ɗauki wannan, wat ɗinsa ya fi yawa," abin da ya gaya maka shi ne ya fi cin wuta. Juya kwalin ka nemi lumen.

Akwai wata lamba kuma mai harafin K a gaba, ita ce ke nuna launin hasken. 2700K ruwan ɗorawa ne mai taushi, ya dace da ɗakin kwana. 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi, ya fi kyau a wurin ɗinki ko karatu, amma yana gajiyar da ido da dare. Sai gindin ƙwan: akwai mai murɗawa, wanda aka fi rubuta wa E27, akwai mai ƙusoshi biyu a gefe da ake dannawa a juya, B22. Duba mazaunin da ke gidanka kafin ka fita.

An ce LED yana shekaru, me ya sa nawa ke saurin mutuwa?

Tsohon ƙwai mai zare yakan yi awa 1,000, na LED mai kyau ana rubuta masa awa 15,000 zuwa 25,000. Amma abin da ke mutuwa galibi ba ƙwayoyin hasken ba ne, 'yan kayan lantarkin da ke ɓoye a gindinsa ne. Zafi da hawa da saukar wuta su ne ajalinsu. Ƙwan da aka rufe cikin gilashin ado inda iska ba ta shiga zai riga ɗan'uwansa mutuwa, haka wanda ke kan janareta mai wasa da ƙarfi. Ƙyaftawa da yake fara yi alama ce ta gindin ya gaji. Kuma gaskiya wasu ƙwayayen tun daga masana'anta ba a yi su don su daɗe ba, lambar da ke kwalinsu ado ce.

Fitila mai caji ita ma batirinta ne ke fara tafiya. Barin ta ta mutu murus a ajiye ta makonni ba caji shi ya fi komai kashe shi.

Ana amfani da kalmar a wajen ma'anarta ta zahiri?

Sosai. Ana kiran malami fitilar al'umma, ana ce wa ilimi fitila, ana yabon mace ta gari da fitilar gida, mawaƙan bege da na soyayya kuma ba sa gajiya da ita. Ma'anar a ko'ina ɗaya ce, wanda wasu ke ganin hanya ta dalilinsa. Abin lura shi ne ba a yi wa mutum wannan yabo da tocila ko gulob. Ka ce wa malaminka shi ne gulob ɗin unguwa ka ga yadda za a kalle ka. Tsohuwar kalmar ce kaɗai ke da wannan nauyi, sababbin suna nan a matsayin kayan kanti.

Barin fitila a kunne a kwana yana da illa?

Ya danganta da irinta. Ta LED a ƙofar gida ba ta cin wani abin kirki, kuma tunda an ce dare rigar mugu, barinta ya fi kashe ta. A ɗakin kwana dai haske mai ƙarfi, musamman fari, yana hana barci nauyi.

Mai harshen wuta kuwa ba a kwana da ita. Tana cinye iskar ɗaki, tana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu, a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga kuma tana iya tara iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Ga gidan sauro da labule, waɗanda kyandir ɗaya da ya faɗi ya ishe su.

Waɗanne kurakurai ne suka fi jawo haɗari?

Na farko, ƙara kananzir fitila tana ci ko tana da zafi. A kashe, a bari ta huce, a zuba a waje. Na biyu, kananzir da aka gauraya da fetur, wanda tururinsa ke kamawa tun kafin ashana ta kai ga lagwani, fitilar ta fashe a hannun mai kunnawa. In warin man ya yi kama da na fetur, kada a gwada shi a fitila ko a risho.

Na uku ya shafi yara: ajiye kananzir a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. In hakan ta faru kada a sa shi amai kuma kada a ɗura masa komai, domin babban haɗarin shi ne man ya shiga huhu, amai kuwa hanya yake buɗe masa. A cire masa rigar da man ya jiƙa, a kai shi asibiti nan da nan ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau.

Ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi da dogon ƙwai wanda ba na LED ba suna ɗauke da ɗan zaiba a ciki, wato wani ƙarfe mai ruwa-ruwa mai guba. In ɗaya ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga na kamar minti 15, sannan a kwashe gilashin da kwali ko jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda a fitar da shi daga ɗakin. Wajen sauya kowane irin ƙwai, a kashe makunni tukuna, hannu a bushe, a kuma tsaya a kan abin da ba ya girgiɗi.